Jan Ƙyalle a Igiyar Guga

Da bazarar bara ɗan farina ya kawo mini 'yarsa gidana na Angwan Iya. Ya ajiye jakarta a falo, ya zauna a ƙasa kusa da kujerata, ya miƙo mini wata takarda da aka ninke huɗu. Ita kuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana wasa da gefen mayafinta.

"Baba, ka duba da kanka," in ji shi.

Takardar jarrabawar gwaji ce ta fiziks, jan biro ya yi mata kaca-kaca. Ya yi mini bayani. A makarantarsu ta nan Keffi akwai wani ƙaramin aji na masu son rubuta ƙarin takarda ta fiziks, wadda ake amsa ta da lissafin kalkulas, kuma jami'ar da take so ta karanta injiniya ba ta ɗaukar wanda bai rubuta ta ba. Malaminsu yana yin gwaji sau biyu. Wanda ya faɗi duka biyun, ba zai sa sunansa cikin masu rubutawa ba. Ta faɗi na farko. Saura mako uku a yi na biyu.

"Na gaya mata, idan ta sake faɗuwa magana ta ƙare. Ta rubuta takardar da kowa ke rubutawa, ta nemi wani fanni. Ba kowa ne zai zama injiniya ba."

"To ni me zan yi mata?"

"Ai kai ne injiniyan gidan, Baba. Kuma nan ya fi kusa da makaranta, ta huta da zirga-zirgar hanyar Abuja."

Sai ga muryarta daga bakin ƙofa: "Injiniyan da dai. Angon nan nawa ko lambar wayarsa ba ya iya riƙewa."

"Ke Amarya, shigo ki gaishe ni tukuna. Da jan biro aka kawo ki gidan miji, kuma har kina da bakin magana?"

Ta yi dariya, amma ta yaƙe ce. Idonta na kan takardar da ke hannuna.

Aikin ruwa na yi duk rayuwata: rijiyoyi, famfuna, ƙananan madatsun ruwa. Shi ya kai ni Nijar da Chadi da Sudan, har Indiya na ɗan taɓa zama. Wannan ɓangare na fiziks kuwa, na motsi da ƙarfi, sau uku na koye shi. Na fara da Turanci ina saurayi, na sake da Faransanci a wani gari mai sanyi da aka tura mu ƙaro karatu, sannan na koyar da shi da Larabci ga matasan ma'aikata a Sudan. Saboda haka da na karɓi takardar nan ko ɗar ban ji ba. Na ce a raina mako uku ma ya yi yawa.

Bayan ubanta ya tafi na zauna na bi takardar layi-layi. Yarinyar ba ta da matsalar lissafi. Aikinta a tsabtace yake, ba ta kuskuren tarawa ko rabawa. Tambayar da ta fi cinye mata maki ta wata sarƙa ce mai nauyi da ke rataye daga saman bene, aka ce a lissafa aikin da za a yi kafin a jawo ta duka zuwa sama. A fiziks, in an ce aiki ana nufin ƙarfin da aka sa sau nisan da aka ja. Ita sai ta ɗauki nauyin sarƙar duka ta ninka da tsawonta duka, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Amsarta ta yi biyun ta gaskiya cif. Sauran tambayoyin ma haka. Duk inda wani abu yake canzawa a kan hanya, gudu ko nauyi ko ƙarfi, sai ta ɗauke shi kamar a tsaye yake daga farko har ƙarshe.

Da na ga yadda take karatu na gane dalili. Tana da wani ƙaramin littafi da ta cika da fomula, tana rera su da wani amo da suka ƙirƙira ita da ƙawayenta, tana wanke-wanke tana rerawa. In aka ba ta tambaya, sai ta tsince lambobin da ke ciki, ta lalubo fomular da ke da gurbinsu, ta zuba. Ni ban raina hadda ba. Na ga ɗalibai a Khartum suna kai da komo a bakin kogi suna hadda da babbar murya, na ga na Faransa da 'yan katunansu a aljihu, mu ma da ita muka tashi. Abin da ya dame ni shi ne ba ta taɓa tsayawa ta ga sarƙar da idon zuciyarta ba.

"Kin taɓa zana abin da aka tambaye ki?" na ce mata.

"Zanen me? Ai babu maki a zane. Kuma Tsoho, abubuwan nan ba na nan ba ne. Ƙanƙarar da ake sulɓi a kanta, lif mai hawa da mutane saman bene, sarƙa a bene mai hawa goma. A ina zan gan su a Keffi? Haddacewa kawai ake yi a wuce wurin."

Daga nan na yi nawa kuskuren, wanda ya fi nata girma tunda ni ba yaro ba ne. Na jingina wani tsohon allo a baranda na fara koya mata kalkulas yadda wani farfesa mai farin gemu ya koya mana a Faransa: daga ma'anar kalma, zuwa hujja, zuwa hujjar hujjar, ba a taɓa wani abu na duniya sai an gama share fage. Hanyar ta yi mini daɗi a wancan lokacin, har yau ma tana yi. Kullum bayan la'asar in cika allo, in goge, in sake cikawa. In na juyo na ce, "Kin gane?" sai ta ce, "Na gane." Kwana takwas muna haka. A rana ta tara na ba ta tambayar sarƙar nan, na canza mata lambobi kawai. Ta ɗauki nauyi duka ta ninka da tsawo duka.

Na ɗaga murya, abin da ban saba yi wa jikokina ba. Ta ajiye biro, ta yi magana a hankali, babu wasa a ciki.

"Kaka, kai da kanka kake magana. Ni tun rana ta biyu ka bar ni a baya."

Rabon da ta kira ni Kaka har na manta. Ta tashi ta shige ɗaki. Na zauna ina kallon allon da na cika da kyakkyawan rubutuna. Saura kwana goma sha biyu, kuma tara na farko ni na ɓata su.

A ɗakunan baya na gidan akwai wata mata da ta daɗe tana haya, 'yar Eggon daga wajen Agwada. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu sun yi aure. Kunu da ƙosai take sayarwa a bakin titi, ranar Lahadi kuma tana cikin mawaƙan mata a cocinsu. Kowa a unguwar Mama yake ce mata, har ni da na girme ta nesa ba kusa ba. Tun da jikata ta zo, su biyu suke ɗiban ruwan safe a rijiyar tsakar gida, domin famfo ba ya kawo mana komai da bazara, sana'ar Mama kuma tana cin ruwa.

Ba wannan ta jawo guga ɗaya waccan ta jawo na biye suke yi ba. Kowane guga raba shi suke yi. Mama ta fara ja da sauri, in wani jan ƙyalle da ke ɗaure a jikin igiyar ya iso hannunta sai ta sakar wa jikata ta ƙarasa. Dalili shi ne gugan, wanda aka yi da robar tayar mota, yana yoyo ta ɗinkinsa. In mutum ɗaya ya ja daga ƙasa har sama, yana gajiya yana rage sauri, ruwan sai ya tsiyaye a hanya. Igiyar kuma irin mai kaurin nan ce da ake tufkawa da zaren taya, in ta jiƙe nauyi ne da ita.

Washegarin ranar da na yi faɗan Asabar ce, babu makaranta. Ina zaune a gindin mangwaro da rediyona. Jikata ta tashi da sauran fushin jiya, sai ta sauke shi a bakin rijiya.

"Mama, wallahi ana cutata a rijiyar nan."

"Wa ya cuce ki, 'yar Abuja?"

"Ke mana. Na ƙirga. Hannu goma sha biyu kike ja ki miƙo mini, ni sai na ja goma sha takwas. Ƙyallen nan naki ba a tsakiya yake ba."

"Ashe kin iya ƙirga. To zo nan, karɓi nawa, ni in ɗauki naki mai yawan."

Suka zura gugan ya cika, jikata ta karɓi igiyar daga farko. Ja na farko ta kusa dungurar bakin rijiyar. Ta gyara tsayuwa, ta ciji leɓe, ta ci gaba. Kafin ƙyallen ya iso hannunta gumi ya jiƙa mata goshi. Mama ta karɓa, tana ja tana rera wata waƙarsu ta coci, ta fito da gugan ta juye a bokiti ko numfashinta bai canza ba.

"Wannan ba gugan da nake ja kullum ba ne," in ji jikata tana haki.

"Shi ne. Babu wanda ya canza shi. Tambayi mijinki, ga shi can zaune, ai shi ya sha boko."

Na kashe rediyo na taso.

"Mama, ƙyallen nan, ta yaya kika san inda za ki ɗaure shi?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta yadda ake tafasa ruwa.

"Haba Baba. A ƙasa kana ɗauke da guga cike, ga igiya duka a kanka. Kana ja, igiya tana taruwa a ƙafarka, ba ka ɗauke da ita kuma. Gugan nan naka kuma yana ta zuba kamar kwando. Shekara nawa ina cewa ka sayo mana sabo? An ce kai ka ba rabin Afirka ruwa, na gidanka ya gagare ka."

Jikata ta tuntsire da dariya, ta gaskiya wannan karon.

"Na ji, na ɗauki laifina. Amma me ya sa nan, ba can ba?"

"A garinmu haka uwata take yi mana. Da yarana suna gida, na fara ɗaure shi a tsakiya, babbar mai fara ja ta yi ta kuka wai an cuce ta. Na matso da shi sama, ƙaramar ta fara nata kukan. Kullum ina ɗan matsarwa, har ranar da na ga sun gama su biyun suna haki iri ɗaya, babu mai ƙorafi. In ruwa ya sauka da bazara sai in sake gyarawa."

Na ga rijiyoyi a wajen Agadas masu zurfin da sai raƙumi ke jan gugansu, yana tafiya yana nisa da bakin rijiya har gugan ya fito. Na ga na Sudan da bijimin sa ke zagayawa yana juya musu ƙafar katako. Na ga na Indiya masu matakala, da ake sauka har bakin ruwa a ɗiba. Na rubuta rahoto a kan wasunsu da harsuna uku. Jan ƙyallen nan kuwa shekaru ina wucewa ta gefensa, na ɗauka alama ce ta inda igiyar ta fara cinyewa. Ga tambayar sarƙar nan a tsakar gidana, ana amsa ta kowace safiya, ni ina baranda ina cika allo.

Akwai wani ɗan Ibo mai sayar da gas a bakin titinmu, yana da sikelin ratayawa, irin mai ƙugiya da sifirin a ciki, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa in an ja shi. Na saka takalmi na je wurinsa. Da Turancin kasuwa muke magana da shi. Da na ce masa rijiya zan auna, ya ce shi dai ya ga masu auna doya da masu auna tsohon ƙarfe, amma mai auna rijiya sai yau, kuma in dawo masa da sikelinsa a bushe.

Na ɗauko tsohon tef ɗina na awo, muka auna. Daga bakin rijiya zuwa ruwa, mita goma sha biyar. Igiyar da ke tsakani, a jiƙe, kilo takwas. Guga cike, kilo goma sha biyu. In ya iso sama bayan ya gama yoyonsa, kilo takwas. Ke nan mai fara ja da kilo ashirin take farawa, mai ƙarasawa kuma da takwas take gamawa.

Wannan karon na kama bakina. Na miƙa wa jikata gawayi, na nuna mata simintin gefen rijiya.

"Aiki nawa ne daga ƙasa zuwa sama?"

Ta durƙusa ta rubuta ashirin, ta sa alamar sau, ta rubuta goma sha biyar. Na juya ina kallon mangwaro don kada ta ga fuskata. Can sai na ji tana goge simintin da tafin hannu.

"A'a. Ashirin ɗin a hannun farko ne kawai. Ai na ji shi a kafaɗata."

"To sa takwas."

"Kai Tsoho, takwas ai na ƙarshe ne. Kada ka ruɗa ni."

"To wanne za ki sa?"

Ta daɗe tana juya gawayin a hannunta.

"Babu ɗaya. Kowane hannu da nasa nauyin."

"Hannu nawa ne duka?"

"Talatin."

"To ba ni aikin kowanne."

Ta ja layi a kwance ta ce wannan nisan da aka ja ne, ta ja wani a tsaye ta ce wannan nauyi ne. Sannan ta fara jera sanduna sirara, ɗaya ga kowane hannu, ta farko doguwa, kowace ta biye ta ɗan fi ta gajarta, har talatin, suka yi kamar matakala. Ta ce in an tara faɗinsu duka an samu aikin.

"In da ba hannu-hannu ake ja ba fa, in da yatsa-yatsa ne?"

"Sai sandunan su ƙara yawa, su ƙara siranta."

"In kuma kaurin gashi ne?"

"Sai matakalar ta koma gangara."

Ta tsaya cak. Ta ɗaga kai ta hango allon baranda, inda rubutuna na jiya yake har lokacin, da doguwar alamar nan ta kalkulas mai lanƙwasa sama da ƙasa.

"Wai abin da waccan ƙugiyar take nufi ke nan? A yanka ƙanana-ƙanana a tara?"

"Shi ke nan."

"Kwana takwas kana magana ba ka taɓa faɗar haka ba!"

"Na faɗa a rana ta uku."

"To da Faransanci ka faɗa, ko da Hausa ya fito daga bakinka."

Ban yi musu ba. Ta sunkuya ta rubuta nauyin a matsayin abin da ke raguwa: ashirin, ana cire takwas bisa goma na kilo a kowace mita da aka ja. Ta sa masa alamar ƙugiyar da hannunta, daga sifili zuwa goma sha biyar, ta bi ƙa'idar da ta daɗe da haddacewa ba tare da sanin amfaninta ba. Ta samu ɗari biyu da goma, ta ce saura a ninka da jan da ƙasa ke yi wa kowane kilo. Na ce ta bar wannan tukuna, ga wata tambayar.

"Kin ce Mama tana cutarki. In ana so mutum biyu su raba aikin nan daidai, a ina za a ɗaure ƙyallen?"

"Inda sandunan suka kai rabi. Ɗari da biyar."

Lissafin ya kai ta ga irin wanda ake warwarewa da doguwar fomular nan mai saiwa a sama. Nan haddarta ta yi mata rana. Na ji tana rera ta ƙasa-ƙasa da amon nasu, hannunta yana bi. Amsa ta fito: mita shida, saura ƙiris.

Muka shimfiɗa igiyar a tsakar gida. Ita ta riƙe bakin tef a daidai inda igiyar ke taɓa bakin rijiya in guga yana cikin ruwa, ni na ja shi zuwa ƙyallen. Mita shida da faɗin yatsu huɗu.

Ta zauna daɓas a kan igiyar jiƙaƙƙiya, ta dubi simintin, ta dubi ƙyallen, ta dubi Mama. Mama na tsaye riƙe da ƙugu, ta karkata kai tana kallon rubutun gawayin.

"Duk wannan baƙin rubutun don ki gaya mini inda na ɗaure ƙyallena? To kin gaya mini. Tashi ki wanke mini siminti, a nan nake shanya gero."

Daga baya na gaya wa jikata gaskiya, cewa akwai sa'a a cikin kusancin nan. Mun ɗauka ana ja da sauri ɗaya kuma yoyon ba ya canzawa, alhali ba haka yake cif ba, kuma gajiyar mutum ba ita ce aikin da littafi ke nufi ba. Ta ce ta ji, amma yatsu huɗu dai yatsu huɗu ne.

A kwanakin da suka rage ban sake cika allo ba. Doka ɗaya muka kafa: kafin ta taɓa fomula sai ta zana abin, ta kuma faɗa mini da baki me yake canzawa a kan hanya. Sai ga shi ta fara tsinto tambayoyin littafinta a cikin gari. Sikelin mai gas ya ƙara kwana uku a wurinmu, domin ta gano cewa sifirin da ke cikinsa kishiyar rijiya ne: da sauƙi yake farawa, kana ja yana ƙara tauri, sandunansa hawa suke yi maimakon sauka. Wata rana ta dawo daga makaranta a kan mashin, ta ce ta zuba wa allurar gudu ido tun daga mahaɗar hanyar Garaku, ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba ko na daƙiƙa biyar, to ta yaya za a sa gudu ɗaya a fomula? Daga nan muka koma ɗaya ɓangaren kalkulas, na gano yadda abu ke canzawa a ɗan ƙanƙanin lokaci, daga nisa zuwa gudu, daga gudu zuwa ƙaruwarsa. Littafin haddarta ba ta yar da shi ba, ban kuma so ta yar ba. A gefen kowace fomula dai ta rubuta da fensir lokacin da take aiki da lokacin da ba ta yi.

Ba komai muka gama ba. Babin abubuwa masu juyawa ya ba ta wuya. Mun je wurin mai injin niƙa mun tsaya muna kallon ƙafar injin tana ci gaba da juyi bayan an kashe, ta gyaɗa kai, amma na san irin gyaɗawar. Kwanakin da na ɓata ne suka rasa mana a nan.

Ranar gwajin ta fita da sassafe, Mama ta tsayar da ita a ƙofa ta cusa mata ƙosai a leda, ta yi mata addu'a irin tasu, ni na yi mata irin tamu. Na wuni ina shiga ina fita. Ubanta ya kira sau biyu, na ce masa ai ba a tashi ba. Da azahar ta dawo ta zube a kujera.

"Yaya, Amarya?"

"Babu sarƙa, babu rijiya. Wani akwati ne ake ja a ƙasa, ƙarfin yana raguwa da nisa. Ina karantawa na ga gugan nan naka mai yoyo. Na zana sandunana a gefe na yi."

"Na juyi fa?"

"Na fara, na kai rabi, lokaci ya ƙare."

Kwana biyar muka jira. A rana ta shida ta shigo ba sallama, ta ajiye mini takardar a cinya. Ta ci, ba da rata mai yawa ba, amma ta ci. A ƙasan takardar malamin ya rubuta cewa ya sa sunanta cikin masu rubuta babbar jarrabawar, ta kuma ƙara ƙoƙari a babin juyi. A gefen zanen sandunanta ya yi alamar daidai, duk da cewa babu maki a zane.

Ubanta ya zo ranar Asabar. Ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ta, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Bai ce komai a kan maganar wani fanni ba, ita ma ba ta tuna masa ba. Sai ya fita zuwa mota ya dawo da sabon guga, baƙi ƙirin, ɗinkinsa a matse. Ashe labarin kwandona ya kai har Abuja.

Mama ta karɓa tana juya shi tana godiya. Jikata kuwa ta riga ta ɗauko gawayi.

"Mama, tunda babu yoyo yanzu, ƙyallen nan sai ya sauka. Igiya kaɗai ke raguwa." Ta yi ɗan rubutu a siminti. "Mita shida da rabi da 'yan kai. Ki ƙara wa naki kamu ɗaya."

"Ni za ki ƙara wa aiki da rubutu? Ashe abin da ake koya muku ke nan."

Amma ta bari jikata ta kwance ƙyallen ta ɗaure a sabon wurin. Suka ja da shi kwana uku. A rana ta huɗu ina zaune a gindin mangwaro, jikata tana baranda ta buɗe babin juyi, na ga Mama ta sunkuya ita kaɗai a kan igiyar, ta kwance ƙyallen, ta matsar da shi kamar faɗin tafin hannu, ta sake ɗaurewa.